Tun da aka ɗaura giyar kam mai saiti mota ta rasa ƙarfi: ina matsalar take?

Wani ƙanena daga Unguwar Rimi, Kaduna, ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. Yana da Honda Civic ƙirar 1998, inji D16 mai kamshaf ɗaya, wato kam, sandar da ke buɗe bawul. Motar ta taɓa yin zafi sau biyu, kuma kowane karo sai da aka kai tof silinda aka goge shi. Watan jiya ya yi odar giyar kam mai saiti, wadda ake iya ɗan matsar da kam gaba ko baya da ita, irin ta alminiyam mai launi, bakanikensa ya ɗaura masa, aka bar ta a kan sifili. Tun daga ranar mota ba ta koma daidai ba. Da safe sai an daɗe ana kik kafin ta tashi, silo na rawa, in zai hau gadar Kawo sai ya dawo giya ta 2, salansa na tari in ya ɗaga ƙafa daga totur, allurar zafi kuma ta fara wuce inda ta saba tsayawa. An canza fulogi, an wanke nozul, an murɗa distiributa, mai raba wuta ga fulogi, har ta kai ƙarshen raminta. Yanzu an ce masa birenbos ne, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Ya saya ko ya dakata?

Ƙanena, ka dakata. Ka kuma ajiye motar, kada ka ƙara fita da ita sai an buɗe murfin bel ɗin da ke juya giyar kam an duba. Ba don in tsorata ka na faɗi haka ba. Injin D16 yana cikin injinan da bawul da fistin ke amfani da wuri ɗaya a lokuta daban-daban: bawul ya sauko, ya koma, sannan fistin ya iso. Abin da ke hana su haɗuwa shi ne taimin. In giyar nan tana zamewa a hankali, kamar yadda nake zargi, to kowace fita tana matsar da su kusa da juna, kuma ranar da suka haɗu maganar ta tashi daga saiti ta koma sayen bawul ko wani tof ɗin.

Birenbos kuwa, ka tambayi kanka: lafiyarsa ƙalau ranar da aka shiga gareji, me zai kashe shi daidai lokacin da aka canza giya? Abu ɗaya aka taɓa, can za a fara nema.

Bari in fara da abin da ya fi ɗaukar hankalina a cikin bayaninka, wato distiributar da ta kai ƙarshen rami. Mutane na cewa "taimin" kamar abu ɗaya ne, alhali biyu ne. Akwai taimin bawul, lokacin da bawul ke buɗewa da rufewa, wanda bel da giyar kam ke riƙe da shi. Akwai taimin wuta, lokacin da fulogi ke ba da tartsatsi. A injinka waɗannan biyun a ɗaure suke, domin distiributa a wutsiyar kamshaf take zaune, shi ke juya ta. Giya tana wannan gefe, distiributa tana wancan gefe, sanda ɗaya ce ta haɗa su. Duk inda kam ya matsa, wuta ta bi shi. Kuma karanshaf, sandar ƙasa da fistin ke juyawa, yana zagaye biyu kafin kam ya yi ɗaya, saboda haka digiri 1 a jikin kam digiri 2 ne a jikin karanshaf. Ramin distiributa an yi shi ne don ɗan gyara kaɗan. In bakanike ya murɗa ta har ta tsaya kuma motar ba ta gamsu ba, distiributar tana gaya maka cewa kam ɗin da ke juya ta ne ba ya wurinsa.

Ka ƙirga haƙoran giyarka don ka ga girman abin. In 38 ne, ka raba 360 gida 38, kowane haƙori ya kama wajen digiri 9 da rabi na kam, wato kusan digiri 19 na karanshaf. Motarka gaba ɗaya a digiri 12 kafin ƙololuwa, wato kafin fistin ya kai can sama, take son wutarta. Ka ga kenan haƙori ɗaya tak in ya koma baya, wutar da ya kamata ta zo kafin fistin ya kai sama za ta zo bayan ya fara saukowa. Man yana ci gaba da ci har bawul ɗin hayaƙi ya buɗe, zafin da ya kamata ya tura fistin sai ya tafi cikin tof da salansa. Ga rashin ƙarfin, ga tarin salansa, ga allurar zafi. Duk alamomin da ka lissafa hanya ɗaya suke nunawa: kam ɗinka ya makara. Da gaba ya yi yawa, da wani labarin za ka ba ni: kik na tokarewa kamar batir ya yi sanyi, da ƙara a cikin inji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in ka taka a giya babba.

To me ya sa ya makara alhali giya na nuna sifili? A nan ne yawancin mutane ke ɓata. Sifilin da ke jikin giyar ba ya san komai game da injinka. Abin da yake faɗa kawai shi ne cibiyar giyar da zoben wajenta suna tsaye inda wanda ya ƙera ta ya nufa. Bai san ko bel ya zauna daidai ba, bai san ko giyar ta injinka ce ba, bai san sau nawa aka goge tof ɗinka ba. Shaidun da za ka yarda da su biyu ne, fistin da bawul.

Kafin a kwance komai, a cire murfin sama a haska tocila a fuskar giyar. Giyar mai saiti gida biyu ce, zobe mai haƙora wanda bel ke ja, da cibiya wadda ke ɗaure a jikin kam, ga ƙananan kusoshi da ke matse su cikin dogayen ramuka. Shin alamar tana kan sifili har yanzu? A rani da ya wuce an jawo mini wata Civic da igiya, mai ita ya rantse cewa a sifili aka bar ta. Da na haska sai na ga kusoshin duk sun taru a ƙarshen ramukansu, kowanne ya bar wani farin layi mai sheƙi a bayansa inda kansa ya goge launin, ga garin alminiyam kamar toka a gindin murfi. Na sa alanki a ɗaya, sai ya yi ta juyawa ba ya kamawa. Yaron da ya ɗaure ya ji tsoron kada su kwance, ya matse da bututu a kan alanki har zaren ya cinye. Biyu sun mutu, sauran ba su iya riƙewa ba. Irin wannan zamewar kusan kullum baya take yi, domin bel na jan zobe gaba, kam kuma da nauyin sifirin ɗin bawul yana ja da baya. Allah ya taimaki mai motar ƙarshen ramin ya tare ta kafin bawul ya taɓa fistin. Waɗannan kusoshin ana ɗaure su ne da sifana mai awo, gwargwadon abin da takardar giyar ta ce, a sa ɗigon gam ɗin zare mai launin shuɗi, a bi su a gicciye kamar yadda ake ɗaure taya. Bayan an gama a ja layi da fenti daga zobe zuwa cibiya, ta yadda kallo ɗaya zai nuna ko ta motsa.

In alamar tana nan a sifili, sai a nemi ƙololuwar fistin na 1, abin da littafi ke rubutawa da TDC. Silinda ta 1 ita ce ta kusa da bel. A jikin fulin karanshaf, faifan da ke bakinsa daga waje, akwai alama ɗaya fara ita kaɗai, ita ce ƙololuwa, sannan akwai uku a jere, ta tsakiyarsu ja, su ne na wuta. Na sha ganin an ɗaura bel a kan jar alamar maimakon farar. Kuma alamar da kanta ba kullum take da gaskiya ba a motocinmu. Motar da ta shekara fiye da 20 tana yawo tsakanin gareji-gareji, mai yiwuwa fulin nata na wani injin ne da aka tsinto a kasuwar Panteka, ko murfin ƙasa mai ɗauke da ɗan tsinin da ake auna alamar da shi ya karye, ko an jefar da shi tuntuni. Fuli mai roba a tsakiya kuma zobensa na waje na iya zamewa ya tafi da alamar.

Ga yadda nake tabbatarwa ba da kayan tsada ba. A cire kan batir, a cire fulogi duka huɗu. A zura doguwar sanda mai santsi, mai tsabta, ta ramin fulogi na 1 har ta zauna a kan fistin. A ɗaura wata waya mai ƙarfi a jikin inji ta zama tsini a bakin fuli. A juya inji da hannu. Kada ka ce za ka tsaya inda sandar ta daina hawa, domin a can sama fistin yana ɗan jinkiri, karanshaf na tafiya digiri da dama sanda ba ta motsa ba, kuma a cikin wannan jinkirin ne ake yin kuskure. Abin da za ka yi shi ne ka ja layi a jikin sandar a daidai wani wuri da ba ya motsi, tun fistin bai ƙarasa sama ba, saura kamar faɗin yatsa. A daidai nan ka yi alama a fuli. Ka ci gaba da juyawa, sanda ta hau ta fara saukowa, da zarar layin ya dawo inda yake ka tsaya ka yi alama ta biyu. Tsakiyar alamomin nan biyu ita ce ƙololuwa ta gaskiya. Ka auna da tef ɗin tela ka raba biyu. In ta faɗa kan farar alamar, alhamdu lillahi, fulinka mai gaskiya ne. In ba ta faɗa ba, daga yau alamarka ita ce abin bi. Wanda ke da agogon awo mai allura ya fi samun daidai, amma dabarar ɗaya ce. In an riga an cire fuli, akwai wata alamar a jikin ƙaramar giyar karanshaf da ke haɗuwa da kibiya a jikin famfon baƙin mai, ita ta fi ta fuli aminci.

Wata magana da dole in jaddada: yawancin injinan Honda na wancan zamani, jerin D da B da F da H, hagu suke juyawa in kana kallon fuli, saɓanin agogo. Wanda hannunsa ya saba da Toyota ko Peugeot yakan manta. Illar mantuwar biyu ce. In ka juya injin dama, sassaucin bel yana komawa gefen da bai kamata ba, alamomi su yi maka ƙarya, bel ma na iya tsallake haƙori. Sannan a wajen saiti, abin da kake zaton gaba ne sai ya zama baya. Ƙa'idar ita ce, ciyar da kam gaba na nufin matsar da cibiya zuwa inda inji ke juyawa, zobe na tsaye. Kada ka dogara da harafin da aka zana a jikin giyar sai ka gwada shi da wannan ƙa'ida.

Fistin yana ƙololuwa, sai a dubi kam. Giyar kamfani tana da rubutun UP a sama da layuka biyu a gefe da ke daidaita da fuskar tof. Giyoyin kasuwa wasu suna da layuka fiye da kima saboda an yi su don injina iri-iri, wasu kuma layin sifilin saiti ne kawai a jikinsu, sai bakanike ya ɗauke shi a matsayin alamar ɗaura bel. Ina fatan ba ka yar da tsohuwar giyarka ba, domin ita ce ma'aunin da ya fi kowane. A cire sabuwar, a mayar da ita sifili, a ɗora ta kan tsohuwar, a daidaita ramin ki da ramin ki (ki shi ne ɗan ƙarfen da ke kulle giya a jikin kam), a ɗaga su sama a hango haske ta tsakanin haƙora. In giyar taka ce, haƙori zai hau kan haƙori duk zagayen. In ka ga haƙorin wannan ya faɗa tsakiyar kwarin waccan, to an sayar maka da giyar wani injin. Wannan sananniyar matsala ce a injinan D: giyar Civic ta 1992 zuwa 1995 da ta 1996 zuwa 2000 suna shiga kam ɗin juna lafiya lau, amma ramin ki ɗinsu ya bambanta da kusan rabin haƙori. Rabin haƙori kuwa ya kai digiri 9 na karanshaf. Bakanike zai ɗaura bel ya ga alama ta ɗan wuce, ya matsar da haƙori ɗaya ya ga ta ɗan gaza, ya rasa inda zai tsaya, a ƙarshe ya zaɓi ɗaya. Mai sayarwa kuma ya rubuta "D16" kawai ya ƙyale ka. In haka ne, giyar ba ta lalace ba, ana iya cike rabin haƙorin da saitinta, amma sifilinka na gaskiya ya koma wani wuri, sai a yi masa sabuwar alama. Tun giyoyin suna haɗe, a kwafe UP da layukan gefe daga tsohuwar zuwa sabuwar da fenti.

Tun giyar tana hannu a duba ki. Wasu giyoyin kamfani ki ɗinsu a jikinsu yake, wasu kuma ɗan ƙarfe ne daban mai kama da rabin wata. Yakan faɗi cikin murfin ƙasa ba a lura ba, ko a ɗaura sabuwar giya babu shi sam, babban noti kaɗai ke riƙe da ita. Mota za ta tashi, ta yi kwana biyu lafiya, sannan kam ya fara zamewa a cikin giyar, alamomi duka suna nuna daidai. Wannan ita ce ta fi wahalar kamawa, shi ya sa nake cewa a cire a gani da ido. A duba siffar haƙoran kuma: in na bel masu zagaye ne na giya masu kusurwa, ba za su zauna ba.

Akwai duba na gaggawa da tsofaffin bakanikai ke yi, kuma yana da kyau a sani. In silinda ta 1 tana ƙololuwar matsi, bawul ɗinta duka a rufe, to ta 4 tana wurin da bawul ɗin hayaƙi ke ƙarasa rufewa na shiga ke fara buɗewa. Ka buɗe murfin tof ka ɗan motsa inji, za ka ga suna karɓar juna. In a ƙololuwa na hayaƙi yana buɗe sosai na shiga bai ko motsa ba, kam ya makara. Wannan zai kama maka haƙori guda, amma ba zai kama digiri 2 ko 3 ba.

Sai maganar gugar tof. Duk lokacin da aka goge tof, kam yana matsowa kusa da karanshaf, bel ya sami ɗan rara a gefen da yake ja, ajasta mai matse bel ta kwashe rarar ta ɗaya gefen, kam ya ɗan koma baya. Gaskiya ne, kuma wannan shi ne dalili mafi ƙarfi na sa giya mai saiti a mota irin taka. Amma kada a ɗora masa laifin da ba nasa ba. Rabin milimita da aka cire bai wuce digiri 1 ko 2 na karanshaf ba. Motarka ta yi ta tafiya da gogaggen tof ɗin kafin a canza giya ba ka yi kuka ba. Abin da gugar ta yi da ya fi damuna shi ne ta rage tazarar bawul da fistin, saboda haka filin wasanka ya fi na mai sabon tof ƙanƙanta.

Wajen mayar da bel, a fara da giyar karanshaf, a tabbatar gefen da ke ja ya miƙe babu rara kafin a ɗora shi kan giyar kam. Yawancin haƙori ɗaya da ke ɓacewa a nan yake ɓacewa: alamomi na daidai lokacin da bel ke sake, da aka matse sai kam ya juya baya. Yadda Honda ta tsara matse shi: a zagaya inji hagu wasu zagaye don bel ya zauna, a dawo ƙololuwa, a sassauta notin ajasta, a juya hagu gwargwadon haƙora 3 na giyar kam, sifirin ɗin ajasta ya ja da kansa, sannan a ɗaure. Ba a tura ajasta da sukundireba. Bel ɗin da ya matsu fiye da kima yana kuka kamar fito, yana kuma cin bori na famfon ruwa. In bel ya jiƙe da baƙin mai daga sil ɗin kam, a canza su duka biyu. Bayan nan a zagaya inji da hannu zagaye biyu cikakku, fulogi a cire, a hankali. In ya tokare a wani wuri, a tsaya nan take, kada a ƙara ƙarfi, kada kuma a taɓa makulli. In ya zagaya sumul, a sake duba alamomi.

Tunda motar ta yi wata guda tana tafiya a haka, ina so a auna matsin silinda kafin a rufe. Abin da ma'aunin zai faɗa yana da amfani ƙwarai. In duka huɗun sun yi ƙasa tare, kusan daidai da juna, kam ne ya makara, kuma za su tashi tare bayan gyara. In ɗaya ko biyu ne suka faɗi sauran na tsaye, akwai bawul da ya lanƙwashe ko ya ƙone. Littafin injin ya sa mafi ƙaranci wajen 135 a ma'aunin psi, bambanci tsakanin silinda kada ya wuce 28. A auna tazarar bawul kuma inji na sanyi: na shiga milimita 0.18 zuwa 0.22, na hayaƙi 0.23 zuwa 0.27. Bawul ɗin da tazararsa ta buɗe ƙwarai fiye da 'yan uwansa ba ya komawa mazauninsa, alamar ya lanƙwashe ce.

Sai kam ya zauna sannan a koma kan wuta, ba a fara da ita ba. Mu da muka koyi aiki a kan Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kakuri tun 1975, da kunne maigidana ya koya mini saita distiributa: a murɗa har inji ya yi daɗin sauti, a ɗan dawo. A kan kafireto wannan yana kai mutum gida, kuma ina girmama hannun da ya koya mini. Amma a motarka kunne ba ya aiki, domin kana murɗawa birenbos na gyara wuta da silo a bayanka. Dole a sa fitilar taimin. A bar inji ya yi zafi har fanka ta tashi, a kashe AC da fitilu. A ƙarƙashin dashbod, gefen fasinja, akwai ɗan soket shuɗi mai baki biyu da ba ya haɗe da komai, a haɗa bakunan da waya, wannan ke sa birenbos ya tsayar da wuta wuri ɗaya. A maƙala fitila a wayar fulogi na 1, a haska fuli, a murɗa distiributa har jar alama ta zo kan tsini. Digiri 12 ne a ƙirar 1996 zuwa 2000, da rangwamen 2 sama ko ƙasa, yawancin na 1992 zuwa 1995 kuma 16. In takardar da ke manne a cikin bonet tana nan, ita za a bi. In komai ya yi daidai za ka ga distiributa ta zauna kusa da tsakiyar raminta. Ni wannan ne ke kwantar mini da hankali cewa kam ya koma gida. A cire wayar soket ɗin bayan an gama.

Wannan soket ɗin shi ne kuma zai wanke birenbos ko ya kama shi. In an haɗa shi an buɗe makulli, fitilar inji da ke dashbod tana ƙifta lambar matsala. 4 da 8 da 9 duk na na'urorin da ke cikin distiributa ne. A duba wayoyin fulogi suna bin 1-3-4-2, a duba wayar at (mai haɗa lantarki da jikin ƙarfen mota) da ke ɗaure a gidan tamostat da ta murfin tof, domin su ake yawan mantawa in an yi aiki a wajen. Ga masu karatu da motarsu ba ta da distiributa, abin ya ɗan bambanta: a wasu injinan, kamar Civic ta 2001 zuwa 2005, na'urar kam tana karanta wasu ƙusoshi ne a bayan giyar kanta, giyar da ba ta da su ko ta matsar da su za ta kunna fitila ko ta hana mota tashi. A motocin da ake sa wa kwamfuta, lambar P0016 tana nufin kam da karanshaf ba su yarda da juna ba. Masu injin B mai kam biyu kuma su sani distiributa a kan kam ɗin shiga take, shi ne in an taɓa wuta ke motsawa.

Yanzu ra'ayina a kan giyar kanta, tunda ka kashe kuɗinka. A injin da ba a canza masa kam ba, ba a ƙara masa matsi ba, giya mai saiti ba ta ƙirƙiro ƙarfi. Matsar da shi take yi. Ka ciyar da kam gaba, bawul ɗin shiga ya rufe da wuri, mota ta ƙara kuzari in inji na juyawa a hankali, ta rage in yana juyawa da sauri. Ka mayar baya, ta yi nauyi a tashi ta buɗe in allura ta hau. Da yake kam ɗinka ɗaya ne, bawul ɗin shiga da na hayaƙi tare suke tafiya, ba za ka iya raba su ba kamar mai kam biyu. Ga wanda tuƙinsa tsakanin Kasuwar Barci da Ahmadu Bello Way ne, tsaya-tashi a cunkoso, abin da zai amfane shi shi ne ya dawo da abin da guga ta cinye, ƙila ya ƙara digiri 1 ko 2 gaba. Ka fara sanin ko layukan giyarka digirin kam suke ƙirgawa ko na karanshaf, domin kamfanoni sun bambanta, kuma layi 4 a wata giyar digiri 8 ne na karanshaf. Ka tuna gaba yana kusantar da bawul ɗin shiga ga fistin, baya yana kusantar da na hayaƙi. Da tof ɗin da aka goge sau biyu, ni ba zan wuce digiri 2 na kam ta kowane gefe ba sai an auna tazarar da gaske.

Layi ɗaya za ka matsar a lokaci guda. Ka ɗaure, ka zagaya da hannu, ka sake saita wuta da fitila, domin ta motsa, sannan ka gwada. Wanda ya tsallake saitin wuta zai ji mota ta yi kuzari ya ɗauka kam ne, alhali wuta ce ta yi gaba, kuma a zafin Maris da Afrilu wannan kuzarin ne ke komawa ƙarar tsakuwa ya huda fistin. Gwajin kuma a yi shi da agogo: hanya ɗaya mara cunkoso, giya ta 3, daga 40 zuwa 80, mutum na gefe yana riƙe da waya yana ƙirga daƙiƙa, sau uku, a rubuta. Jiki yana yaudara, musamman jikin wanda ya sayi sabon kaya.

Na san masu wasan mota suna son barin murfin sama a buɗe don a ga launin giyar. Ina roƙonka ka mayar da naka. Ƙurar hunturu a garin nan tana shiga tsakanin bel da haƙoran alminiyam ta zama kamar sanfefa, kuma ɗan dutse ɗaya daga hanyar da ba kwalta ya isa ya sa bel tsallake. In kan kusoshin na gogar murfi, a ɗan rage cikin murfin, kada a jefar da shi. Bayan kwana biyu ko uku na tuƙi a buɗe a dubi layin fentin, a ga kuma ko bel yana tafiya a tsakiyar giya ko yana cin gefe.

In bakanikenka ba shi da fitilar taimin ko ma'aunin matsi, ba abin kunya ba ne ya aro ko ku je wurin mai su tare, kuma ka yi masa maganar da ladabi, aikin ba kullum yake zuwa masa ba. In duk an bi waɗannan abin bai warware ba, a mayar da tsohuwar giyar a kan alamominta, a saita wuta, a tayar. In mota ta dawo hayyacinta, sabuwar giyar ce, ka ajiye ta. In ba ta dawo ba, ka aiko mini da lambobin matsi na silinda huɗun, da inda distiributa ta tsaya a raminta, da abin da fitilar dashbod ta ƙifta, mu ɗora daga nan in sha Allah.